Yadda Ake Cire Tiyon Mai a Sauke Tankin Babur Ba Tare da Ɓarna Ba

Gyare-gyare da yawa a jikin babur ba sa yiwuwa sai an sauke tanki. Koyil ɗin fulogi da damin wayoyin lantarki ta ƙarƙashinsa suke bi, wayar totur ma haka, kuma idan ruwa ko tsatsa suka taru a cikinsa babu yadda za a wanke shi yana zaune a mazauninsa. Sauke tankin kansa ba wani aiki ba ne, noti ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne tiyon mai, ɗan robar nan da sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya ba, wanda ke ɗauko fetur daga tanki ya kai wa kabureta. Mai gaggawa a nan yake karya bakin famfon mai, ko ya yi wa injin wanka da fetur, ko ya ɗaga tanki alhali tiyo na maƙale, ya haɗa da wayar geji ya tsinka. Aikin da bai kamata ya ci ko kwabo ba sai ya kai mutum kasuwar Dilimi ta Jos neman kaya.

Fara duba irin babur ɗin da ke gabanka

Ka sunkuya ta gefen hagu ka dubi ƙarƙashin tanki. A yawancin baburan da ke yawo a Jos da kewaye, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue masu kabureta, za ka ga ɗan famfo mai mariƙi, an rubuta masa ON da OFF da RES. Shi ne wanda ake murɗawa a koma rizab idan mai ya yi ƙasa. Man yana gangarowa ne da nauyinsa kawai, babu abin da ke tura shi, don haka da zarar ka kai mariƙin kan OFF ka tare hanyar. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma a kansa yawancin bayanin nan zai tafi.

Akwai wani famfon da ba shi da OFF sam, sai ON da RES da PRI, kuma tiyo biyu ne ke fita daga jikinsa, babba da siriri. Akwai kuma baburan injekta, marasa kabureta, waɗanda da ka murɗa makulli za ka ji wani ɗan kuka na daƙiƙa biyu ko uku daga cikin tanki. Waɗannan biyun kowanne da nasa ladabin, za mu zo kansu a gaba. Kada ka taɓa komai sai ka tabbatar wanne ne naka.

Wuri da lokaci

Fetur ba ruwansa ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ke nan sanyin Jos na Disamba da Janairu ba ya kare kowa. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana malala zuwa inda ya samu gangara. Abin da ya sa wannan ya fi ba ni tsoro a garin nan shi ne lokacin hunturu kusan kowace rumfa da kaskon gawayi a ƙasa ana jin ɗumi, ga murhun mai shayi, ga mai walda a maƙwabta, ga janareta. Wutar da ke taku goma daga inda kake tana iya samun tururin kafin hancinka ya gaya maka ya yi yawa. Saboda haka a fili ake wannan aiki, inda iska ke kaɗawa. Ban da zaure, ban da cikin shago, ban da ɗaki. Mai shan taba ya yi haƙuri ya matsa can. Idan dare ne, tocila ko fitilar waya, ba kyandir ko aci-balbal ba, kodayake ni shawarata a bari gari ya waye.

Ka ajiye bokitin yashi kusa da kai. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, fetur ɗin hawa kansa yake yi ya bazu da wutarsa.

Kayan aikin ba su da yawa: filaya, wadda ta fi kyau ita ce mai dogon baki, sifana mai lamba 10 da mai lamba 12, don su ne suka fi yawa a wannan ɓangaren, sukundireba mai faɗin baki da mai baki huɗu, tsummoki busassu, jarka mai tsabta wadda babu ɗigon ruwa a cikinta, mazurari, da kwali ko tsohon bargo da za ka ɗora tankin a kai. Ka ƙara da ɗan guntun tiyo wanda ka toshe bakinsa ɗaya da noti, zai yi maka rana idan famfon ya ƙi rufewa.

Ƙone man da ke cikin tiyo da kabureta

Ko ka rufe famfo, akwai sauran mai a cikin tiyon da kuma a kofin da ke ƙasan kabureta. Hanya mafi tsabta ta raba su da shi ita ce ka kai mariƙin kan OFF, ka tayar da babur ka bar shi yana aiki har ya shanye abin da ya rage ya mutu da kansa. A ƙaramin babur minti ɗaya zuwa uku ne. Dabarar da ta fi wannan ita ce ka rufe famfon tun kana gab da isa inda za ka yi aikin, kafin ka tsaya ya kusa shanyewa.

Daga nan sai ka kafa babur a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai daidai, ka zare makulli, ka ƙyale shi ya huce. Ka ba shi aƙalla rabin awa. Ma'aunin shi ne ka iya ɗora bayan hannunka a kan injin da wuyan salansa ka bar shi ba tare da ka janye ba. Tiyon mai dab da kan injin yake, duk abin da ya ɗiga can zai sauka.

Yana hucewa, kai kuma kana rage wasu ayyukan. Buɗe murfin gefe ka kwance wayar batir ta baƙi, mai alamar ragewa, ka kautar da ita yadda ba za ta koma ta taɓa kan batir ba. Ita ake fara cirewa, domin idan ka fara da jar wayar, sifana ta gogi ƙarfen babur, tartsatsi zai tashi, kuma tartsatsi ne abin da ba ka so a yau. Sannan ka cire sit. A wasu baburan noti biyu ne a baya ta gefe da gefe, a wasu makulli ne ke buɗe shi. Da sit ya fita za ka ga notin da ya ɗaure gindin tanki. Kada ka kwance shi tukuna.

Yanzu ɗauko waya ka ɗauki hoton ƙarƙashin tankin ta hagu da ta dama: ta ina tiyo ya bi, ta bayan wace waya, ina ya shiga. Kowa yana ganin zai tuna, sai an zo mayarwa a fara gardama.

Cire tiyon

Tiyon yana da baki biyu, ɗaya a famfon tanki, ɗaya a kabureta. Idan tankin kawai kake son saukewa kuma babu mai da yawa a ciki, cire na wajen famfo, ka bar tiyon a jikin kabureta, ka rufe bakinsa da leda da kyauro don kada ƙura ta shiga. Idan kuwa tankin cike yake, fara da na wajen kabureta, domin tiyon da ke maƙale da famfo shi zai zame maka bututun juye mai a jarka.

Shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin wurin, ya rufe kan injin. A bakin tiyon za ka ga kilif, yawanci ɗan zoben waya ne ko na ƙarfe mai kunnuwa biyu. Matse kunnuwan da filaya, zoben zai buɗe, sai ka ja shi baya a kan tiyon kamar faɗin yatsu biyu, ka sake shi a can. Ba cire shi ake yi gaba ɗaya ba, kuma ba a ɓanɓare shi da sukundireba, idan ya buɗe fiye da kima ba zai sake kamawa ba. Wanda yake da sukuru kuwa sassauta shi za ka yi har ya yi lako-lako.

A nan ne yawancin masu koyo suke shiga kokawa. Za ka ga yaro a gareji ya kama tsakiyar tiyo ya dage yana ja, babur har girgiza yake, yana cewa, "Oga, ya ƙi fita." Maigidan ko ɗagowa ba ya yi daga abin da yake, sai dai ya ce, "Kai, da wa kake faɗa? Murɗa shi tukuna." Dalilin a fili yake. Roba idan ka ja ta miƙewa take yi, tana miƙewa tana tsukewa, bakin ƙarfen da ta hau kuma yana da ɗan tudu a ƙarshensa wanda aka yi musamman don ya hana ta zamewa. Iya ƙarfin janka, iya ƙarfin kamunta. Ga shi kuma zafi da daɗewa sun sa ta manne da ƙarfen.

Abin yi shi ne ka kama tiyon daidai inda ya hau ƙarfen, ba can tsakiya ba, ka murɗa shi hagu da dama a hankali, kamar yadda ake yi wa zoben da ya matse yatsa. Da farko zai yi kamar ba ya motsi, can sai ka ji ya ɗan yi ƙas, ya fara juyawa. Mannewar ta karye ke nan. Sai ka sa babban yatsa a leɓen tiyon ka tura shi waje, kana ci gaba da murɗawa da ɗaya hannun. Turi daga leɓe buɗa robar yake yi, saɓanin ja. Idan yatsa ya gaza, ɗora gefen sukundireba mai faɗin baki a leɓen ka tura a miƙe, ba tare da ka cusa ta tsakanin roba da ƙarfe ba. Duk ƙarzar da ka yi wa bakin ƙarfen nan hanyar yoyo ce ta har abada. Wanda zai yi amfani da filaya wajen murɗawa ya naɗa tsumma a kan tiyon, ya kama sama-sama.

Kullum a miƙe ake fitar da shi, daidai da yadda bakin ya fuskanta. Bakin famfon a baburan nan ɗan bututu ne siriri da aka dasa a jikin ƙarfe mai gautsi, a wasu ma na roba ne. Lanƙwasa shi gefe sau biyu ya isa ya sassauta dashen ko ya ɓalle shi, daga nan sai sabon famfo. Ƙaramar filtar roba da ake sa wa a tsakiyar tiyo ta fi shi rauni, don haka idan za ka raba ta da tiyo ka riƙe jikinta da kyau a tafin hannu.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma da safiyar hunturu tsohon tiyo yakan sandare ya ƙi ko lanƙwasuwa. Idan ka gamu da haka, ko dai ka jira rana ta ɗaga, ko ka sa a kawo maka ruwan zafi daga can inda aka dafa shi, ka jiƙa tsumma ka naɗe bakin tiyon na minti biyu. Zai yi laushi. Ka goge ruwan tas kafin ka zare. Ashana ko laita don a ɗumama roba, wannan kada ma ya zo maka a rai.

Idan duk an yi haka ya ƙi, to tiyon ya gama rayuwarsa, kuma ba shi da tsadar da za a yi asarar famfo a kansa. Ɗauko reza ka tsaga shi a tsaye, daga leɓe zuwa inda ƙarfen ya ƙare, da hannu mara nauyi don kada kaifin ya sauka a kan ƙarfen, sai ka buɗe shi ka ɓare.

Da ya fita, ɗan abin da ya rage zai ɗiga a tsumma, cokali ɗaya ko biyu. Ka tsaya ka kalli bakin famfon na ɗan lokaci. Idan ya bushe, madalla. Idan yana ci gaba da ɗiga alhali yana kan OFF, robar da ke cikinsa ta cinye, sai ka sa masa guntun tiyon nan mai noti, ka kuma sa a ranka cewa famfon yana bukatar gyara ko canji kafin a mayar da tanki. Famfo mai yoyo shi ne ke sa a wayi gari a tarar da tabon mai a ƙarƙashin babur.

Rage man tanki

Lita 10 na fetur ta kai kusan kilo 7 da rabi, kuma nauyi ne mai kai da komo, ka karkata tankin kaɗan duk ya ruga gefe guda. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 babu mai son ganin ko kofi ɗaya a ƙasa. To ajiye jarka a ƙasa, zura bakin tiyon a ciki, buɗe murfin tanki don iska ta shiga, ka kai mariƙi kan RES. Ba ON ba. A cikin tankin famfon yana da bututu biyu, dogo da gajere. ON daga dogon yake sha, yana tsayawa da saura, RES kuwa daga gajeren yake sha har kusan ƙasa.

Ka tari na farkon da ya fito a kwalba mai haske ka ɗaga ta. Ruwa ya fi fetur nauyi, idan akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa da iyakarsa a fili, wani lokaci da jan gari na tsatsa. A nan garin abin ba baƙo ba ne: damina mai tsawo, robar murfin tanki da ta tsufa, raɓar da ke taruwa a cikin tankin da kullum rabinsa iska ce saboda ana sayen mai lita ɗaya-ɗaya, ga kuma man bumburutu da ba ka san a wace jarka ya kwana ba.

Zuƙo mai da baki ta tiyo al'ada ce da ta zama jiki a bakin titi, amma ba ta da kyau ko kaɗan. Ɗan kaɗan ya faɗa huhu yana iya kwantar da mutum. Wanda tsautsayi ya sa ya haɗiya, kada a sa shi amai, aman ne ke mayar da shi hanyar numfashi. A kai shi asibiti.

Ɗaga tankin

Rufe famfo, rufe murfi. Yanzu kwance notin gindin tanki, ka lura da jerin abin da ke jikinsa: washa, roba, da ɗan bututun ƙarfe da ke cikin robar. Zuba su a gwangwani yadda suka fito. Gaban tankin yawanci ba noti ne ke riƙe da shi ba, wasu robobi biyu ne masu kauri a jikin firam, hagu da dama, tankin yana da kunnuwa a ciki da suke shiga kansu.

Miƙe kan babur ya fuskanci gaba. Ɗaga gindin tankin kamar faɗin tafin hannu, ka tokare shi da guntun katako, ka leƙa. Wannan leƙen shi ne ke raba mai hankali da mai tsinka waya. Idan babur ɗin yana da gejin mai, akwai waya da ta fito daga ƙasan tanki zuwa wani ɗan soket, danna harshensa ka raba shi, kana riƙe da soket ɗin, ba wayar ba. Wasu tankunan suna da siririn tiyon numfashi ko na zubar da ruwan da ya taru a bakin murfi, zare shi ka yi masa alama. A wasu manyan babura akwai tiyon da ya haɗa ɓangaren hagu da na dama ta ƙarƙashin firam, shi ba shi da famfo, idan ka zare shi da mai a ciki ta baki biyu zai zubo, don haka sai tanki ya zama wayam.

Babu sauran abin da ke riƙe da shi? Kama shi da hannu biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ka ja shi baya kana ɗan girgiza shi har kunnuwan su saki robobin, sannan ka ɗaga sama. Ka kula kada gabansa ya daki kan babur, fenti a nan yake fara ɓarewa. Robobin nan biyu suna son faɗuwa su gangara, ka tsince su tun yanzu.

Wajen ajiyewa, famfon ya fi ƙasan tankin tsawo, idan ka dire shi a siminti duk nauyin a kansa zai sauka. Ɗora shi a kan tsohuwar taya ko katako biyu yadda famfon zai kasance a sarari, a inuwa, nesa da yara.

Abu ɗaya da ba zan gaji da faɗa ba: tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin cike yake da tururi gauraye da iska, haɗin da ke fashewa ke nan. Idan don walda ka sauke shi, ba a kai shi wurin wuta don kawai ya daina ɗiga. Sai an wanke shi da ruwa da garin sabulu sau da yawa, an bar shi a buɗe ya sha iska, kuma a ba wanda aikin tanki ne sana'arsa.

Famfo mai tiyo biyu, roba-roba, da injekta

Famfon da ba shi da OFF da zuƙar injin yake buɗewa. Siririn tiyon iska ce a cikinsa, yana zuwa ne daga wuyan da ke tsakanin kabureta da injin. Injin na aiki, zuƙar tana janye wata 'yar fatar roba a cikin famfon, mai ya wuce. Injin na mutuwa, ya rufe kansa. Saboda haka a kan ON ko RES ake barinsa a zare tiyo. PRI ita ce ke sakin mai kai tsaye ko injin a kashe, ita za ka yi amfani da ita wajen juyewa a jarka, kuma kada ka manta ka bar mariƙin a kanta. Idan ka zare siririn tiyon ka ga fetur a cikinsa, fatar ta huje.

A roba-roba tankin yana ƙarƙashin sit, an ɗaure shi da notuna a kusurwoyi, kuma kafin ka kai ga tiyo sai ka kwance robobin jiki. A da yawa daga cikinsu famfon a jikin kabureta yake ko a can ƙasa, ba a jikin tanki ba, ma'ana idan ka zare tiyo daga tanki babu abin da zai tare man. Juye shi tukuna.

Injekta kuwa wata duniya ce. Famfon lantarki ne ke tura man da ƙarfin da a yawancin babura ya kai wajen "bar" 3 a ma'aunin matsi, fiye da iskar da ke cikin tayar babur ɗin, kuma ƙarfin yana zama a cikin tiyo ko bayan an kashe injin. Ka zare shi haka nan, feshi zai yi maka a fuska. Sai an sauke ƙarfin: cire fiyus ɗin famfon ko soket ɗinsa, tayar da injin har ya mutu, ƙara danna sitata na 'yan daƙiƙu, kashe makulli, sannan ka cire wayar batir. Bakin tiyonsa ba kilif ɗin waya ba ne, wani maɗauri ne na roba mai harsuna da ake dannawa, wani ma da ɗan makulli mai launi da ake fara zamewa. Share ƙurar da ke kewaye da shi, naɗe shi da tsumma, tura shi ciki kaɗan, danna harsunan, ka ja a miƙe. Ba ya son filaya, ba ya son murɗa mai ƙarfi, kuma idan ya karye tiyon kabureta ba ya maye gurbinsa, ba zai ɗauki ƙarfin ba. Wanda bai taɓa buɗe irinsa ba, babu kunya ya tsaya ya ga bakanike ya yi sau ɗaya.

Kafin a mayar

Tunda tiyon yana hannunka, lanƙwasa shi ka duba. Idan ka ga ƙananan tsaga, ko ya yi tauri, ko bakinsa ya buɗe ya ƙi komawa, ko ya kumbura ya yi taɓo-taɓo, canza shi. Gurɓataccen mai yana saurin kashe roba, waɗanda suka sha wahalar fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 sun san haka. Ka tafi da tsohon wurin mai kaya don a gwada faɗin rami da tsawo, ka ce na fetur kake so. Farin tiyon nan mai garai-garai irin na ruwa yana da daɗin kallo don ana ganin mai na wucewa, amma wanda ba don fetur aka yi shi ba ba ya daɗewa yake ƙanƙancewa ya bushe. Ɗaure baki da wayar kwano ko zare maimakon kilif ma ba dabara ba ce, waya yanka robar take yi.

Idan famfonka yana da ɗan kofi a ƙasa, kwance shi ka zubar da dattin, ka wanke rariyar da ke ciki da fetur mai tsabta, ka mayar da zoben robarsa daidai. Filtar tsakiyar tiyo tana da kibiya a jiki, wajen kabureta kibiyar take nunawa.

Mayarwa bin sawun fitarwa ne. Robobin gaba su zauna a wurinsu, ɗan ruwan sabulu a kansu yana sa tanki ya zame ya shiga. Haɗa soket ɗin geji da tiyon numfashi tun gindin tankin yana ɗage. Zura kilif a jikin tiyo kafin ka sa tiyon, ka tura shi har ya wuce tudun bakin ƙarfen ya kai ƙarshe, ɗigon fetur a bakin ya isa ya sa shi santsi. Kilif ɗin a bayan tudun yake zama, ba a kansa ba, ba kuma a can leɓe ba. Duba hoton da ka ɗauka: tiyon ya gangara daga famfo zuwa kabureta ba tare da ya yi doro sama ba, bai karye a kwana ba, bai jingina da kan injin ba, tanki bai danne shi ba. Notin gindi a ɗaure shi ya kama, ba sai robar ta baje ba. Aikinta shanye girgiza, idan aka matse ta ta mutu, girgizar hanya irin ta ƙauyukan bayan Bukuru a jikin tankin za ta ƙare, ta tsaga shi a wajen kunne.

Zuba mai ta mazurari da ƙyalle mai tsabta a bakinsa, ka bar na ƙasan jarka idan ka ga laka. Kai mariƙi kan ON, ka jira minti ɗaya kofin kabureta ya cika. Kada ka tayar tukuna. Shafa busasshen yatsa a ƙarƙashin kowane baki na tiyon da gindin famfo, ka duba, ka sansana. Idan mai ya fara zuba ta siririn tiyon da ke ƙasan kabureta, allurar fulot, wadda ke tare mai idan kofin ya cika, ita ce ta maƙale saboda kofin ya bushe, ƙwanƙwasa gefen kofin da mariƙin sukundireba sau biyu ko uku, yawanci tana komawa. Juya kan babur hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, kana murɗa totur kana saki, ka tabbatar yana komawa da kansa a kowane ɓangare. Idan ya yi nauyi, tanki ya danne wayarsa, sai a sake ɗagawa.

Goge duk inda mai ya taɓa, ka fitar da tsummokan waje su bushe, sannan ka mayar da wayar batir ta baƙi, ita ce ta ƙarshe. Mai injekta ya mayar da fiyus, ya kunna makulli ya kashe sau biyu ko uku ba tare da ya tayar ba, don ƙarfin mai ya taru, ya duba maɗaurin ko yana jiƙewa. Tura babur ɗin gaba kaɗan daga inda aka yi aikin kafin ka buga shi, ka bar shi yana aiki kana kallon tiyon.

Idan ka hau, ya yi tafiya kaɗan ya fara shaƙewa ya mutu kamar mai ya ƙare alhali akwai, tsaya ka buɗe murfin tanki. Ka ji ya ja iska fuu, kuma babur ya tashi bayan haka, to hanyar numfashin tanki ce ta toshe, ko ramin da ke jikin murfi ko tiyon numfashin da ya lanƙwashe wajen mayarwa. Idan ba ka ji komai ba, koma kan tiyon mai, akwai inda ya karye a kwana ko filta ta juya baya.